In Babur Ya Faɗi

Babur ya zama dokin iyali a ƙasarmu. Da shi maigida yake zuwa gona, da shi ma'aikaci yake zuwa wurin aiki, da shi kuma ake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Samari da yawa kuwa da shi suke ci, suke ciyad da iyayensu, ko a kira su 'yan acaɓa a Nijeriya, ko 'yan kabu-kabu a Nijar. Amma ƙafa biyu gare shi, ba ya tsayawa da kansa. Duk mai hawansa, komai gwanintarsa, wata rana zai gan shi kwance a ƙasa, ko saboda yashi, ko laka, ko akuyar da ta gitta ba sallama. Domin haka akwai abu biyu da ya kamata kowane gida mai babur ya sani: abin da zai tsare jikin mutum sa'ad da ya faɗi, da kuma yadda zai tā da babur ɗin ba tare da ya ƙara wa kansa ciwo ba.

Ƙarfin faɗuwa

Bari mu fara da ɗan lissafi. Mai gudun kilomita 50 a awa, in ya yi karo da abin da ba ya motsi, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin wajen mita 10, watau kamar daga kan bene mai hawa uku. In ya ninka gudun sau biyu, ƙarfin karon yakan ninku sau huɗu. Mai gudun kilomita 60 a awa kuwa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya kai ga birki, ya riga ya wuce tsawon ɗakuna da dama. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi. Mai babur jikinsa ne ke karɓar dukan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. A bayan kowane ɗaya cikin wannan adadi akwai gida, akwai mata da 'ya'ya, akwai kuɗin makaranta da ya tsaya.

Hular kwano

Ƙashin hannu in ya karye yakan ɗoru. Fata in ta saɓule takan warke. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta ji rauni mai tsanani, sau da yawa ba ta komawa yadda take. Saboda haka hular kwano ita ce kan gaba cikin dukan kayan tsaro.

Tarihinta yana da ban sha'awa. A watan Mayu na 1935 wani sanannen sojan Ingila mai suna T. E. Lawrence ya faɗi da babur yana ƙoƙarin kauce wa yara biyu masu keke. Ba hula a kansa. Bayan kwana shida ya rasu, yana da shekara 46. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Ostareliya. Abin ya tsaya masa a rai, sai ya shiga binciken mutuwar sojoji masu kai saƙo a kan babur. Aikinsa ya sa rundunar sojan Birtaniya ta tilasta wa mahayanta sa hula a 1941. Jihar Victoria ta Ostareliya ta mai da ita doka ga kowa a 1961, Birtaniya kuma a 1973. Wani babban nazari na 2008 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna hular tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuwa da kashi 69 cikin ɗari.

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta sa hular ga direba da fasinja ran 1 ga Janairu 2009. Masu karatu da yawa za su tuna abin da ya biyo baya. Waɗansu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya, ko bokitin fenti, ko tukunya, don su wuce jami'ai. An yi dariya ƙwarai, amma kwalta ba ta san wasa ba.

Me ya raba hular gaske da ƙwarya? Hular gaske kashi uku ce. Akwai ɓawo mai tauri a waje, wanda ke hana dutse huda kai, yana kuma baza ƙarfin dukan. A cikinsa akwai farin soso mai tauri, irin wanda ake naɗe rediyo da shi a kwali, amma ya fi shi ƙarfi. Shi ne ainihin mai ceto, gama yakan murƙushe a hankali, ya sa kai ya tsaya sannu maimakon ya tsaya farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta bugi ƙashin kai daga ciki. Na uku shi ne maɗaurin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. Hular 'yan gini kuwa an yi ta ne domin abin da zai faɗo daga sama, ba ta da wannan soso, ba ta dace da babur ba.

In za a saya, a danna cikinta da yatsa a ji ko sosan yana da kauri da tauri. A duba alamar ECE ko DOT, watau shaidar gwaji ta Turai da ta Amurka, ko da yake akwai na jabu a kasuwa, shi ya sa ake dubawa da hannu kuma. A sa ta, a ɗaure, a girgiza kai: in tana yawo ta yi yawa. Wadda ta rufe haɓa ta fi, domin binciken da aka yi a Hannover ta Jamus ya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na dukan da hula ke sha a wajen haɓa yake sauka. Hular da ta taɓa shan mugun duka ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a waje ba, gama sosan da ya murƙushe ba ya sake kumbura. Wannan ne haɗarin sayen ta hannu.

Waɗansu suna ƙyamar hular da kowa ke sawa saboda gumi da ƙwarƙwata. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa hankici ko ƙaramar hula mai laushi a ciki. Wanda kuwa yake hawan acaɓa kullum, gara ya mallaki tasa.

Sauran jiki

In mutum ya faɗi, hannu yake fara kai wa ƙasa, ba ya ma sanin ya yi. Safar hannu ta fata takan hana tafin hannu saɓulewa. Silifa ba takalmin babur ba ne. Tana fita tun kafin a kai ƙasa, ta bar yatsu da idon sawu a hannun kwalta. A sa takalmi rufaffe, in da hali wanda ya rufe idon sawu, a cusa igiyarsa ciki don kada ta sarƙe da ƙarfen giya. Wando mai kauri da riga mai dogon hannu mai kauri sun fi yadi mai shara-shara nesa ba kusa ba. Mun sani ƙasarmu da zafi, amma gumin awa ɗaya ya fi jinyar wata uku sauƙi.

Akwai kuma tsaron da ke hana faɗuwar tun farko. A 1981 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Harry Hurt ya fitad da sakamakon binciken haɗarin babur 900 a yankin Los Angeles. Ya tarar wajen kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a kashi biyu cikin uku na irin waɗannan, mai motar ne ya shiga hanyar mai babur, sau da yawa domin bai gan shi ba. Babur siriri ne, ido yakan tsallake shi. Saboda haka a kunna fitila ko da rana, a sa tufafi mai haske, da dare kuma riga mai walƙiya. Ya tarar kuma mahaya da yawa sukan danne birkin baya har taya ta ja, su ƙyale na gaba. Ga shi kuwa mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, domin in an taka birki nauyi gaba yake komawa. A koyi matsa su biyun tare, a hankali, ana ƙara ƙarfi. A cikin yashi ko a tsakiyar kwana ne kaɗai ya kamata a yi hattara ƙwarai da na gaba.

Ƙarfen gefen inji

Masu babur da yawa sukan sa ƙarfe mai lanƙwasa a gaban inji, hagu da dama, waɗansu ma mai walda ke ƙera musu. Yana da amfani, amma a san iyakarsa. In babur ya kife a tsaye ko a ƙaramin gudu, ƙarfen yakan tsare inji da tanki, ya bar sarari don kada ƙafa ta danne, ya kuma sa babur bai kwanta shame-shame ba, abin da ke sauƙaƙa tā da shi. A babban gudu kuwa labari ya sha bamban. Binciken Hurt ya nuna abin da ƙarfen ya rage na raunin idon sawu, ya mai da shi a gwiwa da cinya da ƙwauri. Kada fa wani ya ce tun da ya sa ƙarfe ƙafarsa ta tsira. In za a sa, a ɗaure shi da kusoshi a jikin firam, kada ya zama mai kaifi ko mai tsini, kada kuma ya yi faɗin da zai taɓa ƙasa a kwana.

Iyaye mata da yara

Haɗarin da ya fi samun mata ba ya bukatar gudu. Bakin zane, ko gyale, ko mayafi, in ya sauka ya shiga sarƙa ko wayoyin ƙafar baya, yakan fizgo mace ƙasa da baya, wani lokaci har ya shaƙe wuya. Babbar riga ma haka take yi wa maza. A Indiya, inda mata ke sa doguwar sutura, doka ta sa a riƙa sayad da babur da ragar ƙarfe a gefen ƙafar baya saboda wannan. Mai walda na unguwa yana iya yin irinta da kuɗi kaɗan. Kafin a tashi, uwargida ta tattara tufafinta ta danne a cinya, direba kuma ya waiwaya ya duba. Kada a cire murfin sarƙa a yar.

Yaron da ƙafarsa ba ta kai wurin taka ƙafa ba, diddigensa yana iya shiga wayoyin taya. Wanda aka ɗora a kan tanki shi ne zai fara isa ga abin da aka yi karo da shi. Jaririn da ke goye kuwa kansa ba shi da wata kariya in uwar ta faɗi da baya. Mun san ba kowane gida ke da zaɓi ba, amma sawu biyu zuwa makaranta ya fi ɗora yara huɗu a sawu ɗaya. A kuma koya wa yara su hau su sauka ta hagu, gama a yawancin babura salansa a dama take, tana kuwa ƙona ƙwauri cikin ƙiftawar ido.

Mutum tukuna, babur daga baya

Wanda ya faɗi a bainar jama'a, kunya takan sa ya zabura ya rungumi babur don ya nuna ba abin da ya same shi. Nan ne ake yin kuskure mafi yawa. A wannan lokaci jini yana tafasa, mutum ba ya jin zafin karaya sai daga baya. A fara kashe inji, domin taya tana iya ci gaba da juyawa. A kauce daga tsakiyar hanya, a sa wani ya tsai da motoci. Sa'an nan a zauna kaɗan, a motsa yatsu da hannu da ƙafa, a duba fasinja.

In wani ne ya faɗi yana kwance, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ja shi ta hannu da ƙafa, sai dai in wuta ko mota za ta same shi a wurin. Ƙashin wuyan da ya tsage yana iya yanke lakar baya in an juya kai, mutum ya shanye har ƙarshen ransa. A riƙe kansa daidai da jikinsa. Kada a cire masa hula sai in ba ya numfashi ko amai zai shaƙe shi. Kada a ɗura masa ruwa. Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta. Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai. A Nijeriya lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Wanda kansa ya bugu, ko da ya tashi yana magana, a kai shi asibiti, a kuma sa masa ido kwana ɗaya ko biyu. Jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai. Amai, ko barci mai nauyi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko rikicewar magana, alama ce ta a koma wurin likita nan da nan. Karaya kuma a fara ɗaukar hotonta. Ɗaurin da ya matse ƙwarai yakan tsai da jini, yara da yawa sun rasa hannu ta haka.

Yadda za a tā da shi

Ƙananan baburan da muka saba da su nauyinsu yana tsakanin kilo 100 da 130, ban da kaya. Manyan na doguwar tafiya waɗansu sun wuce kilo 300. Wanda ya sunkuya ya ɗaga irin wannan da ƙarfin bayansa yana neman ciwon baya ko gwaiwa. In akwai mutane kusa, a nemi taimako, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gaya wa masu taimakon inda za su kama, kada su taɓa salansa ko inji, kada kuma su ja ta madubi ko fitilar baya. In kuwa mutum shi kaɗai ne a hanyar gona, ga dabarar da masu koyad da tuƙi suke koyarwa, wadda da ita ƙaramar mace take tā da babban babur.

Da fari a kashe makulli, a rufe famfon mai. In fetur ya zube, kada kowa ya matso da taba ko ashana. A kwance kaya duka a ajiye gefe. A share yashi ko tsakuwa daga inda za a taka.

Na biyu, a hana tayoyi gangarawa. In babur ya faɗi ta dama, ƙarfen giya yana sama, sai a sa shi a giya ɗaya, a kuma buɗe ƙafar jingina tun yana kwance, domin ita za ta tare shi in ya tashi ya nemi wucewa ɗaya gefen. In ta hagu ya faɗi, ƙarfen giya yana ƙasa, sai a matse birkin gaba a ɗaure shi da roba ko igiya.

Na uku, a juya kan babur har ƙarshe zuwa gefen da ya faɗi, yadda hannun da ke ƙasa zai matso kusa da tanki.

Na huɗu, a juya wa babur baya. A tsuguna, a jingina ƙugu a gefen sirdi. Hannu ɗaya ya kama hannun babur na ƙasa, ɗayan ya kama firam ko ƙarfen ɗora kaya na baya. Ƙafafu su ɗan yi gaba, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, haɓa a sama.

Na biyar, a tura da ƙafafu, ana ja da baya da ƙananan taku, kamar mai tura mota da bayansa. Hannuwa riƙo kawai suke yi, cinyoyi ne ke aikin. Kada a fizga. In ya ƙi tashi, a sauke shi a hankali, a gyara tsayuwa, a ɗan ɗaga ƙugu ko a sauke shi, a sake gwadawa.

Na shida, in ya kusa miƙewa a rage ƙarfi. Wanda ya faɗi ta dama, a bar shi ya sauka sannu a kan ƙafar jingina. Wanda ya faɗi ta hagu, a tokare shi da ƙugu, a buɗe ƙafar jingina da diddige, a jingina shi. In a gangare ne, a fara jan babur yana kwance har tayoyinsa su koma wajen gangaren, domin kada a yi ta fama da tudu. Wanda kuwa ya ji zafi a baya, ko ƙirji, ko kafaɗa, ya bar babur a kwance. Ba inda za shi.

Kafin a sake hawa

A ba shi 'yan mintoci baƙin mai ya koma mazauninsa. A matsa birkin gaba, a taka na baya, a ja kulaci. A tsaya a gaba a duba ko kan babur ya karkace da taya. A duba sarƙa, da fitilu, da ƙarƙashin tanki ko mai yana ɗiga, da batir ko ruwansa ya zubo. A murɗa totur a sake shi, a ga ko yana komawa da kansa. In ya maƙale kada a hau. In inji ya ƙi tashi, sau da yawa fetur ne ya cika kafireto, ɗan jira yakan isa. Sa'an nan a tafi a hankali har wurin makaniki.

Mutanenmu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma su ɗin ne kuma suka ce rigakafi ya fi magani, ba mu kuwa taɓa ganin manomin da ya ƙi shinge gonarsa don ya dogara ga ƙaddara ba. Wannan aiki na dukan gida ne. Uwargida tana da iko ta tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. Uba kada ya ba ɗansa makulli sai ya ba shi hula da takalmi, ya kuma ga ya iya birki biyun. Wata ranar Asabar da yamma, a rufe famfon mai, a kwantad da babur a kan ciyawa ko tsohuwar katifa, kowane babba a gidan ya gwada tā da shi sau biyu ko uku, har jiki ya saba. Wanda ya koya a tsakar gida ba zai ruɗe a bakin hanya ba. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gida lafiya.